Pavarotti da Akwatin Talabijin: Ina Opera Ta Tsaya, Ina Kasuwa Ta Fara?

A watan Disamba na 2023, kwamitin hukumar UNESCO da ya zauna a garin Kasane na ƙasar Botswana ya saka salon rera opera na Italiya cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Jigon bayanin da hukumar ta bayar shi ne dabarar sarrafa numfashi da maƙogwaro yadda murya za ta cika babban zaure ko coci da ƙarfin kanta. Ba makirfo, ba lasifika.

To, ga inda kai ke ɗaurewa. Mutumin da duniya ta fi sani da wannan fasaha, Luciano Pavarotti, mafi yawan masoyansa ba su taɓa jin muryarsa a irin wannan zaure ba. A talabijin suka san shi, ko a filin wasa inda aka jera lasifikoki kamar rumbuna. Fitowarsa ta ƙarshe ma, a bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a birnin Turin a 2006, wadda har yau bidiyonta ke yawo a YouTube da Facebook, daga baya ta bayyana cewa ba a wurin ya rera ba. Murya ce da aka naɗa kwanaki kafin bikin, shi kuwa baki yake motsawa. Wasu na cewa shi ne ya ƙwato opera daga hannun masu hannu da shuni ya kai ta ɗakin talaka. Wasu na cewa abin da ya kai ɗin ba opera ba ce. Kafin a ga inda hujjar kowa take, sai an san mece ce operar, mene ne kuma aikin mai irin muryarsa.

Opera, ariya, tenore da "do na ƙirji"

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zancensa da waƙa, daga gaisuwa har faɗa har mutuwa, ƙungiyar makaɗa kuma na zaune a wani rami a gaban dandamali tana biye da 'yan wasa. Ta samo asali a birnin Florence wajen shekarar 1600, a fadojin masu mulki, kafin a buɗe gidan opera na farko da kowa zai sayi tikiti ya shiga, a Venice, a 1637. Wasa ɗaya kan ci awa biyu zuwa huɗu. A cikinsa akwai wuraren da labari kan tsaya cak, ɗan wasa guda ya amayar da abin da ke ransa cikin waƙar minti uku ko biyar. Wannan ita ake kira ariya. A riƙe wannan kalma, domin rabin gardamar da ake yi kan Pavarotti a kanta take.

An kasa muryoyin mawaƙa gida-gida. A ɓangaren maza, bas ce ta ƙasa mai kauri, bariton ta tsakiya, sai tenore wadda ta fi tashi sama cikin waɗanda aka saba amfani da su. Galibi mai tenore ake ba matsayin saurayin labari, wanda zai yi soyayya, a yaudare shi, ya mutu kafin a ja labule.

Sautin da ake gwada tenore da shi Italiyawa na kiran sa do di petto, wato do na ƙirji (do sunan wani sauti ne a jerin sautukan kiɗa); a ƙasashen Ingilishi kuma C na sama. Namiji in yana magana, tantanin muryarsa na kaɗawa wajen sau 120 a daƙiƙa ɗaya. A wannan sauti sai ya kaɗa fiye da sau 500. Maza da yawa za su iya kaiwa can da siririyar murya irin ta mai kwaikwayon mata. Wahalar ita ce a kai da cikakkiyar murya, a tsaya a kai, kuma ya yi daɗin ji. Bafaranshe Gilbert Duprez ne ya yi suna da wannan a Faris a 1837, cikin wata opera da ɗan Italiya Rossini ya rubuta, kuma an ruwaito cewa Rossini da kansa ya kwatanta sautin da kukan zakaran da ake yankawa. Abin da mai waƙar ya ƙyamata shi ne ya zamo abin da 'yan kallo ke biyan kuɗi su jira.

Sai maganar tafiyar murya. Gidan opera na Metropolitan da ke New York na da kujeru wajen 3,800, makaɗan da ke cikin rami kuma kan kai 70 ko fiye, da goge da kakaki da ganguna. Yaya mutum ɗaya zai rinjaye su? Wani masani ɗan Suwidin, Johan Sundberg, ya nuna a shekarun 1970 cewa horarren mawaƙi kan tara ƙarfin muryarsa a wani zango na sauti, wajen kaɗawa 3,000 a daƙiƙa, inda kayan kiɗa ba su da ƙarfi sosai, kunnen mutum kuma ya fi kaifi. Italiyawa na kiran wannan amo squillo. Duk wanda ya taɓa jin sanƙira a ƙofar fada, ko ladanin da ya saba kiran salla tun kafin lasifika ta zo gari, ya san murya mai ƙara daban, murya mai tafiya daban.

Ke nan a kan duwatsu uku tukunyar opera take zaune: cikakken labari, murya ba taimakon na'ura, da kuma rerawa nan take a gaban jama'a, inda in an yi kuskure kowa ya ji. Tarihin Pavarotti da talabijin shi ne tarihin yadda aka taɓa duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan mai gashin burodi

An haife shi ranar 12 ga Oktoba 1935 a Modena, arewacin Italiya. Mahaifinsa Fernando mai gashin burodi ne, yana da muryar tenore amma bai mai da waƙa sana'a ba. Mahaifiyarsa Adele a masana'antar taba take aiki, wuri ɗaya da mahaifiyar Mirella Freni, wadda ita ma ta zamo shahararriyar mawaƙiya. A 1955 uba da ɗa suka je Llangollen a Wales cikin ƙungiyar mawaƙan garinsu, suka ci gasa. Luciano ya koyar a firamare, ya yi tallan inshora, yana ɗaukar darasi wajen Arrigo Pola, daga baya wajen Ettore Campogalliani a Mantua. Sai ranar 29 ga Afrilu 1961 ya fara fitowa a opera, a Reggio Emilia, a matsayin Rodolfo cikin La bohème ta Puccini.

A 1963 ya maye gurbin Giuseppe Di Stefano a gidan opera na Covent Garden a Landan, ya kuma fito a wani shirin nishaɗi na daren Lahadi da ake watsawa daga zauren Palladium. Wannan ne karonsa na farko da jama'ar talabijin masu yawa. A 1965 ya yi rangadin Ostireliya da mawaƙiya Joan Sutherland, wadda shi da bakinsa ya sha faɗin cewa a wurinta ya ƙara koyon riƙe numfashi. Ranar 17 ga Fabrairu 1972, a Metropolitan, cikin La fille du régiment ta Donizetti, ya jera do na ƙirji guda tara a ariya ɗaya kamar mai ƙirga gyaɗa. Tafi ya sa ya fito gaban labule sau 17. Daga nan laƙabin sarkin C na sama ya bi shi.

Yana da kyau a tsaya nan, domin masu suka da masu yabo duk sun haɗu a kan wannan: kafin kamara ta mai da shi ɗan gida a ko'ina, ya riga ya ci jarrabawar zaure. Faya-fayan da ya naɗa da kamfanin Decca a shekarun 1960 da 1970 har yau ana koyar da ɗalibai da su, saboda hasken muryar da kuma yadda kowane harafi na Italiyanci ke fita tas.

1977: kamara ta shiga zaure

A watan Maris na 1977 tashar PBS ta Amurka ta fara wani shiri na watsa opera kai-tsaye daga Metropolitan. La bohème aka fara da ita, Pavarotti da Renata Scotto a kan dandamali, James Levine na jagorantar makaɗa. Miliyoyi suka kalla. Lissafin mai sauƙi ne: zauren da ke ɗaukar mutum 3,800 sai ya cika maƙil fiye da dare 260 kafin ya tara mutum miliyan ɗaya.

A wannan dare ba a taɓa duwatsun nan uku ba. Cikakken wasa aka nuna, kai-tsaye, makirfon da aka kafa kuma na masu kallo a gida ne. Waɗanda ke cikin zaure muryar zalla suka ji. Nisa kawai aka kawar. Amma kawar da nisa ya canza wani abu. Mai zama a bene na biyar ba ya ganin fuska, jiki da tafiya yake gani, Pavarotti kuwa ƙiba ta sa bai cika motsi a dandamali ba, ba a kuma taɓa lissafa shi cikin gwanayen kwaikwayo ba. Kamara ta matso kusa ta nuno abin da yake da shi: ido, murmushi, gumi, da fuskar mutumin da kamar shi ma yana mamakin abin da ya fito daga bakinsa.

Manajansa Herbert Breslin ya gane darajar wannan fuska. Ya kai shi shirin hira na Johnny Carson, ya sa shi a tallan katin American Express, mujallar Time ta buga hotonsa a bango a 1979. Farin hankicin da ya fara riƙewa a 1973, a wani taron waƙa a garin Liberty na jihar Missouri, don bai san yadda zai yi da hannuwansa ba, ya zamo tambarinsa. Ba duk abin da aka gwada ya yi kyau ba: fim ɗin da ya fito a ciki a 1982, Yes, Giorgio, asara ya jawo.

Ƙwallon ƙafa ta ɗauke ariya daga gidansu

Waɗanda suka kalli gasar cin kofin duniya ta 1990 a nahiyarmu sun fi tuna ta da Kamaru: ƙwallon da François Omam-Biyik ya ci Ajantina da ka a Milan, da rawar Roger Milla a kusurwar fili, da kuma yadda Ingila ta doke Kamaru da ƙyar da ci 3 da 2 a Naples. A Birtaniya kuwa da wata ariya ake tuna ta. BBC ta ɗauki "Nessun dorma", wadda Pavarotti ya naɗa tun 1972, ta mai da ita taken shirye-shiryenta na gasar. Waƙar ta hau har mataki na biyu a jerin faya-fayan da aka fi saya a ƙasar, tana gogayya da waƙoƙin matasa.

Ariyar daga Turandot take, opera ta ƙarshe ta Puccini, wadda aka fara nunawa a Milan a 1926 bayan rasuwarsa. A labarin, wani yarima ne ya warware kacici-kacici uku na wata gimbiya mai kashe masu neman aurenta, sai ya ba ta dama: in ta gano sunansa kafin wayewar gari, ta kashe shi. Gimbiya ta yi shela kada kowa ya runtsa a birni sai an gano sunan, in ba haka ba a bakin ransu. Jim kaɗan bayan ariyar, wata baiwa da ta san sunan ta kashe kanta don kada azaba ta sa ta faɗa. Mai kallon ƙwallo bai san da wannan ba. Kalmar ƙarshe ya ji, vincerò, zan yi nasara, ta kuma dace da hoton ɗan wasa na murnar cin ƙwallo. (Sautin da ake jira a ƙarshenta ma ba do na ƙirji ba ne, yana ƙasa da shi kaɗan.) Dutse na farko ke nan ya gusa: an raba ariya da labarinta.

Ranar 7 ga Yuli 1990, daren jajibirin wasan ƙarshe, Pavarotti da 'yan Sifaniya biyu, Plácido Domingo da José Carreras, suka tsaya a kangon tsohon gidan wanka na Caracalla a Roma, Zubin Mehta na jagorantar makaɗa. An shirya taron ne don yi wa Carreras barka da tashi daga sankarar jini da kuma tallafa wa gidauniyarsa. 'Yan dubbai ne a wurin. Ƙiyasin da aka fi ambata na masu kallo a talabijin shi ne miliyan 800. Faifan taron ya zamo wanda aka fi saya a tarihin kiɗan gargajiyar Turai. Su ukun kuɗin sallama suka karɓa a dunƙule, ba su da kaso a cinikin, kuskuren da ba su maimaita ba a Los Angeles a 1994, shekarar da Nijeriya ta fara zuwa gasar, ko a Faris a 1998, ko a Yokohama a 2002.

Dutse na biyu a irin waɗannan filaye ya gusa. Ba muryar da za ta cika filin ƙwallo ko lambun shaƙatawa da ƙarfin kanta. Ranar 30 ga Yuli 1991 a Hyde Park na Landan, mutane fiye da 100,000 suka taru ana tsuga ruwa. Lemomin na gaba sun tare wa na baya, aka roƙi a sauke su. Gimbiya Diana ta sauke tata, sauran suka bi, ta zauna ruwa na zuba daga gashinta, Yarima Charles da Firayim Minista John Major a gefe. Pavarotti ya sadaukar mata da ariya ɗaya. Hoton ya zaga duniya. A Yuni 1993 kimanin mutum 500,000 suka je Central Park a New York. Duk waɗannan jama'a ta lasifika suka ji shi.

Hujjar masu yabo, hujjar masu suka

Masu yabo kan fara da tarihi. A ƙarni na 19 opera a Italiya nishaɗin gari ce, ana rera ariyoyinta a titi da gidajen shan kofi. Daga baya ne tsadar tikiti da kwat ɗin dare suka mai da ita ta manya. Sun ce Pavarotti mayar da ita ya yi inda ta fito. Suna kuma kafa hujja da Enrico Caruso, wanda ya naɗa ariyoyi a faifan garmaho a Milan a 1902, lokacin da wasu manyan mawaƙa ke raina na'urar, ya kuma zamo tenore na farko da duniya ta sani ta hanyar faifai. Kowane zamani da na'urarsa. Sai maganar agaji: tarukan Pavarotti da Abokansa da ya riƙa shiryawa a Modena daga 1992 zuwa 2003, inda ya rera da su Sting, Bono, Stevie Wonder da James Brown, sun tara kuɗi don yaran Bosniya, Laberiya, Afganistan da Angola. An buɗe cibiyar kiɗa da sunansa a garin Mostar na Bosniya a 1997, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ba shi lambar Nansen a 2001.

Masu suka ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayarsu ita ce, mutum nawa cikin masu tafi a filin ƙwallo suka taɓa zama suka kalli cikakkiyar opera daga baya? A ganinsu an ba jama'a naman miya an zubar da tuwon, har suka ɗauka naman ne abincin. Suna ƙara da cewa lasifika na daidaita kowa: mai ƙaramar murya da mai babba duk ɗaya suke a kunnen mai kallon talabijin, ke nan ma'aunin da aka gina fasahar a kansa ya ɓace.

Akwai kuma suka a kan shi kansa. Domingo ya taka matsayi kusan 150 a harsuna daban-daban. Pavarotti bai wuce wajen 30 ba, kusan duk na Italiyanci, yana kuma jinkirin haddace sabo. An daɗe ana cewa bai iya karatun rubutun kiɗa sosai ba, shi kuwa ya ce yana karanta nasa layin, cikakken kundin makaɗa ne ba ya bi. Da kuɗin fili suka ninka na zaure, sai soke alƙawari ya yawaita. A 1989 shugabar gidan opera na Lyric a Chicago, Ardis Krainik, ta raba gari da shi bayan ya soke 26 daga cikin fitowa 41 da aka tsara cikin shekara takwas. A Mayu 2002 ya janye daga Tosca a Metropolitan ana dab da farawa, aka ɗauko matashi Salvatore Licitra daga Italiya ya maye gurbi. Rigimar haraji ma ta same shi, kan iƙirarin cewa a Monte Carlo, wajen Italiya, yake zaune. A 2000 ya amince ya biya gwamnatin Italiya wajen lira biliyan 25, kotu kuma ta wanke shi daga tuhuma a 2001.

Wani abu da ke rikita rabon nan na manya da talakawa shi ne abin da ya faru a gidan opera na La Scala da ke Milan a Disamba 1992. Muryarsa ta tsage a Don Carlo ta Verdi, aka yi masa ihu. Masu ihun ba masu kujerun alfarma ba ne. Loggionisti ne, 'yan can ƙololuwar bene masu tikiti mafi araha, waɗanda suka haddace kowane baiti kuma ba sa yafe kuskure. Talakan zaure ya fi talakan talabijin tsanani.

Motsa baki: Modena 1992, Turin 2006

Dutse na uku sau biyu aka san ya gusa. A taron Modena na Satumba 1992 ya motsa baki a kan muryar da ya riga ya naɗa. Da abin ya fito fili ya amsa, BBC kuwa, wadda ta sayi izinin watsa taron, ta nemi a mayar mata da kuɗi.

Na Turin ya fi sarƙaƙiya. Opera ta ƙarshe da ya taka ita ce Tosca, a Metropolitan, ranar 13 ga Maris 2004. Zuwa 10 ga Fabrairu 2006 yana da shekara 70, ƙafa da baya sun gaji, bikin kuma a fili ne, da dare, cikin tsananin sanyi. Ya tsaya cikin baƙar alkyabba da farin hankici, makaɗa a bayansa, filin ya ɗauki sowa. A 2008 Leone Magiera, wanda ya jagoranci makaɗan a daren kuma abokin aikinsa na shekaru da dama, ya rubuta cewa an naɗa komai tun kafin ranar: makaɗa na kwaikwayon kiɗa, shi yana kwaikwayon jagoranci, Luciano na kwaikwayon rerawa. Manajarsa Terri Robson ta bayyana cewa ya ƙi gayyatar sau da dama saboda ba zai yiwu a rera cikin wannan sanyi ba, sai da aka yarda a naɗa tukuna ya amince.

A nan akwai bukatar a rarrabe abubuwan da ake cakuɗawa. Akwai mai motsa baki a kan muryar wani, kamar 'yan biyun Milli Vanilli da aka ƙwace wa kyautar Grammy a 1990, ko yarinyar da ta fito a bikin buɗe Olamfik na Beijing a 2008 alhali muryar wata yarinya ce ake ji. Akwai kuma mai motsa baki a kan muryarsa, wadda ya naɗa musamman don taron. Na Turin irin na biyu ne, kuma ba baƙon abu ba ne a manyan bukukuwa: a rantsar da Barack Obama a Janairu 2009, Yo-Yo Ma da Itzhak Perlman sun riƙe kayan kiɗansu suna gogawa, amma abin da jama'a suka ji naɗaɗɗe ne, saboda sanyi kan ɓata sautin tsirkiya.

Mai kallon finafinan Hausa ya san wannan tsari ciki da waje. Jarumi na motsa baki, mawaƙin da ya rera yana can situdiyo, ba kuma wanda ke cewa an cuce shi, domin kowa ya san da haka. Abin da ya sa na Pavarotti ya tada ƙura shi ne ba a sanar ba, kuma a fasaharsa hatsarin kuskure na cikin abin da ake saya. Tafin da ake yi wa do na ƙirji tafi ne na wanda ya ga an tsallake rijiya. Masu kare shi na cewa muryarsa ce, a shekarunsa, bikin Olamfik kuma shirin talabijin ne da ba a barin komai ga sa'a. Masu suka na cewa da an faɗa a lokacin, da ba abin da zai rage a darajar muryar, sai dai jama'a su san me suke tafa wa.

Abin da ya iso ga mai kallo

Na farko, ƙofa ta buɗe. Tun Disamba 2006 Metropolitan ke watsa cikakkun operori kai-tsaye zuwa gidajen silima a ƙasashe da dama, a kan kuɗin da bai kai na kujerar zaure mai kyau ba, wasu gidajen kuma suka bi sahu. Wannan hanyar 1977 ce aka faɗaɗa: labari cikakke, rerawa nan take, zaure ba lasifika. Wanda ke da waya da data a yau zai iya kallon daren Caracalla ko na 1977 a duk inda yake.

Na biyu, an haifi sabuwar sana'a, ta masu rera ariya da makirfo ba tare da sun dogara da dandamalin opera ba. Andrea Bocelli ya fara fitowa ne a 1992, da ya rera gwajin wata waƙa da mawaƙi Zucchero ya shirya don Pavarotti. A Yuni 2007 wani mai sayar da wayoyin hannu, Paul Potts, ya ci gasar baje hazaƙa ta talabijin a Birtaniya da "Nessun dorma". Ga mai sauraro wannan ƙarin zaɓi ne. Ga matashin da ya shafe shekara goma yana horar da murya, ƙalubale ne, domin baƙon da ya saba da sautin talabijin in ya shiga zaure karon farko yakan ji muryar ta yi masa nisa, ya zaci mawaƙin ne bai kai ba. Karramawar UNESCO ta 2023 ba ta hana kowa amfani da lasifika ba. Nauyin da ta ɗora wa Italiya shi ne ta kiyaye koyarwar da ake miƙawa daga malami zuwa ɗalibi.

Na uku ya shafi aljihu kai-tsaye. Da za a fitar da faifan taron Faris na 1998, kamfanonin PolyGram da Warner, masu riƙe da faya-fayan 1990 da 1994, suka ƙulla cewa ba wanda zai rage farashin tsohon faifansa ko ya tallata shi na tsawon mako goma, don kada a ƙi sayen sabon. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yanke a 2003 cewa wannan ya saɓa dokar gasa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2005. Wanda ya so sayen tsohon faifai da rangwame a makonnin nan, shi aka toshe wa hanya.

Sai batun sanarwa. Ƙasar Sin na da doka da ta hana motsa baki a wasannin da ake sayar wa tikiti. A yawancin ƙasashe kuwa abin ya rage ga yarjejeniyar mai shirya taro da tashar da ta sayi izini, mai tikiti ba ya ganin takardar. Kalmar "kai-tsaye" da ke kusurwar allo na nufin hoton ne ke zuwa nan take. Ba ta yi alƙawarin komai game da sautin ba.

Modena, Satumba 2007

Wata biyar bayan Turin likitoci suka gano ciwon daji a cikinsa, aka yi masa tiyata a New York, aka soke sauran rangadin bankwana. Ya rasu a gidansa na Modena ranar 6 ga Satumba 2007, yana da shekara 71. An yi jana'izarsa ranar 8 ga wata a babban cocin garin, tashar RAI na watsawa kai-tsaye, dubban da ba su sami shiga ba na kallo a manyan alluna a dandalin waje. Kusa da ƙarshe aka saka wani tsohon naɗi na 1978, shi da mahaifinsa mai gashin burodi suna rera waƙar coci tare. Wannan karon kowa ya san naɗi ne. Jama'ar cocin suka miƙe tsaye suna tafi, da aka fito da akwatin gawa kuma jiragen sojan saman Italiya suka ratsa samaniya da hayaƙi kore da fari da ja.